Targaɗen da Na Rubuta wa Surukina

Shekara da shekaru ina zaune a ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti da ke tsakanin Wurno da Goronyo. Ban taɓa yi wa kowa allura ba, ban taɓa ɗaure ko ɗan miki ba, amma in ka ji mutanen ƙauye suna kiran likita a bakin tagata, da ni suke, kuma ban taɓa hana su ba. Aikina shi ne in fidda katin mara lafiya, in an gama duba shi katin ya dawo hannuna, in karanta abin da aka rubuta, in buɗe littafin lambobi in nemo lambar da ta dace da ciwon. Kowane ciwo da tasa lamba, har cizon kare, har faɗowa daga bishiya. Ƙarshen wata a tattara a aika sama.

Masu irin aikina a wasu wurare, a rajista kawai suke sa lambar su rufe. Ni kuwa da son nuna iyawa sai na ƙirƙiro rubuta ta da jan biro a saman kati, ƙatuwa, yadda ko daga bakin ƙofa za a hango ta. Rubutun likitoci ai kun san shi, tafiyar tsutsa ce, wani lokaci mai rubutun ma sai ya ƙura ido kafin ya gane abin da ya ce. Da sannu ma'aikatanmu suka haddace lambobin da suka fi yawa. In kati ya dawo, ba mai wahalar da kansa da karanta ciki, jar lambata za a duba a san inda aka kwana. Na yi alfahari da wannan ƙwarai, har baƙi nake nuna wa.

Ina da zafin rai, wannan kowa ya shaida. Abu biyu ke saurin tayar mini da shi a wurin aiki: kati ya dawo ba a san lambar da za a ba shi ba, da kuma a ambaci maɗori a gabana. Na ga hannun da aka ɗaure da kara aka matse har ya yi baƙi ƙirin yana wari, aka zo da shi asibiti sai da aka yanke. Tun daga ranar na ɗaura yaƙi da masu ɗori, nagari da mugu duk na haɗa su a buhu ɗaya.

Surukina, mahaifin matata, masunci ne a Goronyo. Tun kafin a tare ruwan Rima da madatsa yake su. Da birgi yake aiki, komar nan mai dalma a baki da ake ɗorawa a kafaɗa a murɗa jiki a watsa, ta buɗe a sama ta rufe kan kifi. Ya manyanta, gemu ya yi fari, amma hannunsa na dama shi ke ciyar da gidan nan kaf, kuma samari kan tsaya kallo in zai yi jifa. Ni ma daga nesa na taɓa gani, domin tsakanina da shi akwai kunya irin ta surukai. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ganinsa ba riga ba hula ba. In mun haɗu a hanya, sauka nake daga babur in cire takalmi in tsuguna. In akwai magana mai nauyi, ta bakin matata take bi ta je ta dawo.

Wata ranar Talata da hantsi aka kira matata a waya. Birgin Baba, surukin nawa, ya sarƙe a wani kututture a ƙarƙashin ruwa, yana ja, iska ta juya kwalekwalen, ya faɗi da hannun a murɗe a kan bakin jirgi. Ƙanensa, wanda muke kira Baffa, shi ne a wayar. Ya ce sun shirya za su kai shi wajen wani maɗori a ƙasar Rabah. Ina jin kalmar na fizge wayar daga hannunta, ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Baffa, don girman Allah kak ku kai shi! Ina asibiti, surukina shi tahi wurin maɗori? Mi mutane za su ce? Ku kawo shi gobe da sahe, ni ka tsaya mai."

Baffa ya ce to, ai mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Washegari suka iso a babur, Baba a tsakiya.

Da na leƙa ta taga na hango shi, sai da na ji daɗi, Allah ya gafarta mini. Babbar rigarsa ta Sallah ya sa, shudiyar shadda mai aiki a wuya, da 'yar ciki, da hula sabuwa. Daga baya na ji cewa mutum biyu suka taru suka zura masa ita, yana cije leɓe gumi na zuba, matarsa na roƙonsa ya yafa zane kawai. Ya ce atafau, ba zai je wurin aikin surukinsa kamar wanda aka tsamo daga ruwa ba. Ya tallabe hannun dama da na hagu a cikin rigar, yadudduka sun rufe komai. Wanda bai sani ba zai ce ɗaurin aure za shi.

Ranar layi ya kai har gindin dogonyaro. Na fito na tsuguna daga nesa na gaishe shi, kaina a ƙasa, na buɗe masa sabon kati, na ratsa da shi ta gaban mutane kai tsaye zuwa ɗakin dubawa. Wata tsohuwa ta yi gunaguni, na daka mata tsawa. Jami'in lafiyar da muke kira likita saurayi ne ɗan yankin, mai ladabi, shi kaɗai ke duba duk taron nan. Da na ce masa surukina ne, sai ya taso daga kujera ya rusuna ya gaishe shi.

Nan ne ya kamata in ajiye katin in fita in ja musu ƙofa. Ko yaron goye a ƙasarmu ya san haka. Ban fita ba. Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da kati, don ina son tsohon ya ga cewa a gidan nan ana jin maganata.

Likita ya ce, "Baba, a ɗan tuɓe rigar ga in ga wurin."

Baba bai dube ni ba, ƙafafuna ya duba. Ya ce, "Ba komi, ɗana. Targaɗe na ɗan kaɗan. Ka ba ni man zahi in shahwa."

"Ko hannun rigar a ɗan naɗe?"

"Bar shi, ɗana. Allah shi yi ma albarka."

Likitan ya juyo ya dube ni. Da ina da hankali da na gane cewa roƙona yake in ba su wuri. Sai na ce, "Likita, tsoho ya san jikinai. Ga mutane can cike."

Ya taɓa kafaɗar ta kan shadda. Baba ko ƙifta ido bai yi ba, ga surukinsa a tsaye, ina zai yi nishi? Aka ce ya motsa yatsu, ya motsa. Likita ya rubuta magani, ya ce a rataye hannun a wuya da ƙyalle. Dukan abin bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Baffa da ke jira a waje ya yi ta sa mini albarka, wai ko zama ba su yi ba har an gama.

Da katin ya dawo teburina na karanta. An rubuta ciwon kafaɗar dama, sai targaɗe da alamar tambaya a gabansa. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an ce in kwana bakwai suka wuce ba sauƙi a tura shi Sakkwato a ɗauki hoton ƙashi. Na karanta wannan layin da idona, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na buɗe littafi wajen raunukan kafaɗa. Gocewar ƙashi na da lambarta, targaɗe na da tasa, yagewar nama na da tata. Alamar tambaya ba ta da lamba. Akwai dai wata da ake ba raunin da ba a tantance ba, wadda nake kira lambar ragwaye, nake zagin duk wanda ya yi amfani da ita. Haba, katin surukina guda in sa masa lambar ban-sani-ba? Na zare jan biro na rubuta ta targaɗe, S43.4, har na ja mata layi a ƙasa.

Bayan kwana goma Baffa ya sake kawo shi, a cikin rigar nan dai. An tura likitanmu wani taron bita, wani ma'aikaci ne ke riƙe da ɗakin. Ya karɓi kati, ya dubi saman, ya ce, "Au, targaɗe na. Shina ɗaukar lokaci ga manya." Ya ƙara ƙwayoyi da man shafawa. Bai buɗe ciki ba, kuma ba na ganin laifinsa, ni na koya musu. Ina ɗakina ina jin su ta bango, na san abin da ke rubuce a ciki, na yi shiru. Na ce a raina tafiyar Sakkwato wahala ce ga tsoho, a ƙara masa mako guda mu gani.

Daga nan Baba bai sake zuwa ba. Hawan babur na jijjiga masa hannu, ga shi ba ya son yawan zarya a gaban suruki. To, muna da wata al'ada a asibitin, in ɗan gida ne ba sai ya zo ba, katinsa ya isa. Duk bayan mako biyu in zaro katin in kai ɗakin dubawa, a dubi jar lamba, a rubuta irin na jiya, in karɓo a ɗakin magani in ba matata ta aika da direban motar Goronyo. Wata uku cur katin muke yi wa magani, mai katin yana can ba wanda ya ga fatar jikinsa.

Matata ta je duba shi ta dawo jikinta a sanyaye. Ta ajiye mayafi ta zauna a bakin gado ta ce, "Malam, Baba hwa ba shi kwantawa. Zaune shika kwana, jingine da bango. Inna ta ce ko buta ba shi ɗauka da hannun. Anya targaɗe na?"

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Ke ta likita ko ni? Kati nawa kika taɓa gani? Targaɗen tsoho ba na yaro ba na. Ko maɗorin naku kuka so, a ɗaure shi a ruɓar da shi?"

Ta tashi ta shiga madafa. Faɗan nan da na yi mata, tsoro ne ya sa ni, domin tun ba yau ba layin nan na ƙasan kati yake ci mini tuwo a ƙwarya. Amma tura shi hoto a lokacin yana nufin in fito in ce lambata ba daidai ba ce, ni da ake kawo wa katin wasu in gyara.

Rasuwa aka yi a unguwar su Baba, na tafi gaisuwa ba tare da na aika ina zuwa ba. Bayan an shafa fatiha aka ce Baba yana bakin ruwa, kullum can yake wuni. Na gangara a ƙafa. Lokacin zafi ne, ruwa ya ja baya, jirage a kife a kan yashi. Na hango shi a inuwar wata rumfar kara, ya tuɓe riga saboda zafi, daga shi sai wando, Baffa yana zuba masa ruwa a baya. Na yi maza zan juya kafin su gan ni, amma ido ya riga ya gani.

Kafaɗar dama ba ta nan. Inda ya kamata a ga tudu zagaye, ƙashi ne tsaye da kusurwa, ƙarƙashinsa rami wanda za ka iya sa dunƙulen hannu. Kan ƙashin ya dawo gaba wajen ƙirji ya yi ƙululu. Damtsen nan da ke watsa birgi ya tsotse ya koma kamar na yaro. Ni ba likita ba ne, amma na ga irin wannan kafaɗa ta wuce ta gaban tagata ba sau ɗaya ba, a jikin 'yan kokawa da waɗanda suka faɗi a babur. Ana shiga da su ɗaki, a ji ƙara guda, su fito suna hamdala. Na tsuguna a nan kan yashi mai zafi ina innalillahi. Da suka ankara da ni, abin da Baba ya fara yi shi ne laluben rigarsa da hannun hagu.

Kwana biyu bayan nan na ɗauki mota na kai shi Sakkwato, ni da Baffa. Aka ɗauki hoto. Likitan ƙashi dattijo ne mai faɗa, ya fi ni zafi. Shi bai tsaya wata kunya ba, ya ce kowa ya fita, a tuɓe riga. Da ya gama ya kira mu ya ɗaga hoton a hasken taga. Ya ce ƙashin ya goce tun ranar farko. Da an zo a ranar, ko a makon, aikin 'yan mintoci ne. Yanzu nama ya cike gurbin, jijiyar da ke ɗaga hannu ta daɗe a danne har ta mutu. Ko an yi aiki, a shekarunsa, ba ya ba da tabbacin hannun zai wuce tsayin ƙirji, kuma ba ya ba da shawarar a yi.

Sai ya ɗauki katinmu da na zo da shi, ya nuna jan rubutun da ɗan yatsa. "Wane gwani ne ya ce wannan targaɗe ne? Ko mai ɗorin ƙauye ya shafa wannan kafaɗa sau ɗaya ya san ta fita."

Baffa ya dube ni ya kawar da kai. Na ce, "Daga asibitinmu ne, ranka shi daɗe." Baba, wanda bai ji rabin bayanin ba domin da Turanci aka gauraya shi, ya ce, "Sun yi ƙoƙari, likita. Ba su bar ni da rashin magani ba ko rana guda." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida. Aka ce wa Baba an ba shi sabon magani da motsa hannu, a hankali za a ga sauƙi. Ni na ce a faɗa masa haka. Matata kuwa na gaya mata rabi, cewa ƙashi ne ya goce ba a gane da wuri ba. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, tana cewa Allah ya isa tsakaninta da wanda ya duba mahaifinta. Na bar ta tana tsine wa saurayin nan da ya rubuta gaskiya a cikin kati. Wannan ma yana cikin abin da nake ɗauke da shi.

Damina ta zo ta wuce, ruwa ya cika, kifi ya samu. Baba yana gangarawa bakin ruwa kowace safiya ya zauna. In masunta sun fito, wannan ya jefa masa tarwaɗa biyu a ƙwarya, wancan ya jefa gargaza, yadda shi ma ya saba yi wa tsofaffi da makafi a da. Yana amsawa da godiya, amma an ce ba ya ci. Yana ta matsa ƙwallon tsumma da aka ce ya riƙa matsawa, yana tambayar kowa ko sun ga hannun ya ɗan ƙara tashi. Kowa ya ce ya ƙara.

Wata Juma'a bayan an sauko ya aika a kira ni. Ban taɓa samun kira daga gare shi kai tsaye ba. Na same shi a zaure shi kaɗai a kan tabarma. Na cire takalmi na tsuguna a bakin ƙofa, ya ce in matso. Na matso kaɗan, ya ce in ƙara, har gwiwata ta taɓa bakin tabarmar.

"Malam, kai ka san takarda. Kowa ruɗi na shikai. Hannun ga shina tashi, ko ba shi tashi?"

Na ce, "Ba shi tashi, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ina jin numfashinsa. Da na tsaya a nan da ya wadatar, amma abin ya riga ya cika mini ciki. Na faɗa masa duka, kaina a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan tabarmarsa. Na ce likitan farko bai tabbatar ba, ya rubuta a kai shi hoto bayan kwana bakwai, ni na karanta na danne, ni na sa lambar da ta rufe wa kowa ido. Na ce ba don ni ba da yanzu yana cikin jirginsa.

A waje wani yana tallar rake, ya zo ya wuce. Na so ya zage ni, wallahi na so ya ɗauki sandarsa ya rafka mini.

Ya ce, "Ɗiyata ta san wanga zance?"

"Ba ta sani ba."

"To kak ka hwaɗa mata. Ko bayan raina." Ya ƙara da cewa, "Ɗiyanku huɗu. Hannu guda ya isa hasara."

Bai ce ya yafe ba, ban kuma iya roƙa ba. Ya dafa ƙasa da hannun hagu zai tashi, ya kasa, ya sake dafawa, na damansa na lilo a cikin riga. Na miƙa hannu zan tallafe shi, ya ce, "Bari." A karo na uku ya miƙe, ya shiga cikin gida.